Ɗayan da Ya Rage a Kan Dutse

Godiya ta tabbata ga Allah Makaɗaici, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Hafiz Inayat ya sauko daga keke mai ƙafa uku a layin masassaƙan duwatsu na Lahore, ya tarar Ustad Meraj yana goge dutsen kabarin ƙanen Hafiz ɗin, Farfesa Zubair, malamin lissafi. Washegari ne addu'ar arba'in, ranar da za a kafa dutsen.

Zubair ya bar wasiyya guda, a gadon asibiti. Ya ce kada a rubuta yabo ƙarƙashin sunansa, sai lamba ɗaya a jere sau goma sha tara. "Yaya, duk girmanta ba abin da ke raba ta daidai sai ɗaya, sai ita kanta. In ka rage guda a jeren, uku ma ta raba ta. In ka ƙara guda a jeren, sha ɗaya ta raba ta." Hafiz bai san lissafi ba, amma ya san amana.

Ya bi sassaƙar da yatsa yana ƙirgawa. Tara a dama, tara a hagu, a tsakiya ɗan fili, bisansa furen wardi.

"Ustad, saura guda."

"Haba Hafiz Sahib! Wa zai je maƙabarta ƙirga sanduna? Sha tara ba ta zama daidai gefe da gefe. Na gwada har kaina ya yi ciwo."

"Abin da ya so ta dominsa ke nan. Ba ta rabuwa."

"To ai halinsa ta ɗauko, taurin kai!"

Hafiz ya yi murmushi. "Sai a kankare furen, a sa ta a wurin."

Ustad ya ajiye tsummansa. "Furen ba a cikin ciniki yake ba. Marigayin ne ya koyar da 'yata kyauta har ta shiga jami'a. Ba ni da abin ba shi sai wannan."

Hafiz ya sake duban furen. Ga wasiyyar mamaci, ga kyautar mai rai, kuma babu lokacin sake wani dutse. Aka kawo shayi mai madara, suka sha suna duban farin marmara.

Can Ustad ya kurɓe ragowar, ya ɗauki kurfi da guduma. "Matsa, Hafiz Sahib, kada ƙura ta ƙara wa gemun fari."

Ya yi bisimilla, ya sassaƙa layi miƙaƙƙe a filin nan na tsakiya, tsawonsa ɗaya da na 'yan'uwansa, kansa na taɓa gindin furen. Wardin ya sami kara.

Hafiz ya sake ƙirgawa, sau biyu. Sha tara cif.

"Yanzu wa zai raba ta?" in ji Ustad.

"Babu," in ji Hafiz, yana share ƙurar da gefen rawaninsa.

Allah Ya jiƙan Zubair da dukkan magabatanmu, Ya haskaka makwancinsu, mai karatu kuma Ya sa ya cika da imani. Amin.