Baƙin Jinjimin Hamani

Shekarar da soja suka koma bariki, Hamani mai dakon nama a mayankar Oko-Oba ta Legas ya ji a rediyo cewa tsuntsun jinjimi iri-iri ne. Farin nan mai baƙin kai yana nan birjik, amma ɗan'uwansa baƙi mai sanƙo ya kusa ƙarewa, sai 'yan tsiraru a Maroko. Abin ya taɓa Hamani, don shi ma fari ya cinye garkensu a Nijar, bai bar musu ko maraƙi ba.

Kwatsam wata safiya, a bayan masu babbakar ganda da tsofaffin tayoyi, sai ga tsuntsu baƙi ƙirin, kai ba gashi, yana ɗingishi.

"Wallahi shi ne!" in ji Hamani. "Daga Maroko, bawan Allah!"

Ya rungume shi sai gida a Agege. Ɗaki ɗaya gare su, shi da matarsa Baiwa. Hantar da yake kawo mata ta koma bakin baƙo. Tsuntsu ya ci, ya ɓata tabarma, ya ɓata buhun shinkafa. Wari kuwa, ba a magana.

"Oga, ko ni ko shi," in ji Baiwa.

"Haba Baiwa! Irinsa nawa suka rage a duniya?"

Ta ɗaure kayanta, ta hau motar danfo zuwa gidan yayanta a Oshodi.

Ana haka ruwa ya sauko, irin na Legas da ba ya sallama. Kwanon ɗakin dama yoyo yake, kuma daidai kan baƙon. Hamani na kallo, baƙi ya riƙa tsiyaya ƙasa, tsuntsu ya fito fari tas. Ashe hayaƙin taya ne! Da aka buɗe ƙofa ko waiwaye bai yi ba, ya tashi ya nufi bolar mayanka, inda danginsa ke turereniya kan tumbi.

Kunya ta kama Hamani, kewa ta fi ta. Ya sayi hanta mai kyau ya tafi Oshodi, ya durƙusa ya faɗa mata komai. Baiwa ta yi dariya har da hawaye. Sannan ta goge ido, ta dube shi, hantar na hannunsa ba ta karɓa ba.

"To, shi danginsa sun cika bola," ta ce. "Ni fa, irina nawa suka rage maka?"