Faɗuwar Haladu Sittin da Uku

Haladu tela ya ɗora yatsa a kan karan dararsa, yana neman inda zai matsa da shi ya yi asara. Aikin ba sauƙi. Hanyoyi uku ne a buɗe gabansa, kuma duk wadda ya bi, cin Malam Abdussalam zai yi. Da ƙyar ya hango wani gurbi can gefe inda karan ba zai tsinana komai ba, ya tura shi ciki, ya dafe kai kamar wanda hannunsa ya kuɓuce.

Malam ya jera tsakuwarsa uku, ya tsince karan Haladu, ya jawo littafin da yake rubuta kowane motsi na kowane wasa.

"Sittin da uku ke nan," in ji shi. "Kada ka damu, Haladu. Ba da ni kake karawa ba, da ilmi kake karawa."

'Yan kallon da ke gindin durumin bakin kasuwar Gummi kowa ya sami abin dubawa a ƙasa. Sun san daga nan har Bukkuyum da Anka babu mai zama gaban Haladu ya tashi da kara biyar. Sun kuma san tun da Dija ƙanwar Malam ta fita takaba Haladu yake nemanta, kuma Malam ne waliyyinta. Mai neman aure ba ya kayar da yayan yarinya a bainar jama'a. Ko ɗan yaye ya san haka a garin, ban da Malam, wanda ya tafi makarantar kwana tun yana shekara goma sha biyu, ya dawo da digiri da tabarau.

Shi ne malamin lissafi a sakandaren garin, kuma shi kaɗai ne ɗan ƙungiyar masana lissafi ta ƙasa a duk yankin. Ba a gaisawa da shi sau biyu ba a ji tarihinta ba: yadda wasu malaman jami'a 'yan ƙalilan suka kafa ta a aji ɗaya, yadda ta girma har take buga mujalla, take shirya wa ɗalibai gasa, take taro kowace shekara a jami'a daban. Haladu ya haddace labarin kamar awon rigar kansa. Shekara goma sha ɗaya Malam yana zuwa taron nan da kuɗin motarsa, ya zauna a kujerar baya ya tafa wa wasu. Bana ya rubuta takarda tasa, a kan wani tsarin wasan dara da ya ce ba a cin mai bin sa. Hujjarsa kuwa Haladu.

"Gobe bayan azahar kowa ya zo," in ji Malam yana kaɗe wando. "Farfesa Maiturare, editan mujallarmu, zai taso daga Sakkwato ya gani da idonsa kafin a buga. Haladu, sunanka na shafin farko."

Washegari da hantsi Dija ta zo shagon da atamfa a leda, kamar ɗinki ya kawo ta. Ta tsaya daga bakin ƙofa.

"An ce za a buga ka cikin littahi," ta ce. "Gwanin da anka ci sau sittin da uku."

"Ke ma dariya za ki yi min? Don wa niy yi?"

"Ni ban aike ka ba. Yayana na, ba ni son shi tahi gaban manya da ƙarya ga hannu, su yi mai dariya can inda ba mu gani."

"To in ci shi gaban baƙo?"

"Ba ni son a ba shi kunya kuma."

"Dija, biyun ga ba su haɗuwa."

Ta ajiye ledar a kan keken ɗinki. "Kai kaɗ ɗinka abinka, kai ka san inda zaren yake," ta ce, ta juya.

Haladu ya zauna bai taka keken ba. Yana son matar nan, so na mutumin da ya haura arba'in ya san abin da yake nema. Ya auna ya sake aunawa, ya ga faɗuwa ɗaya a kan sittin da uku ba wani kaya ba ne. Ya yanke shawara zai faɗi, amma faɗuwa mai kyau, wadda baƙo zai yi labari.

Farfesa ya iso a wata tsohuwar Fijo, ɗan gajeren dattijo mai furfura a gemu. An kawo masa kujera ya ƙi. Ya tuɓe takalmi, ya tsuguna, ya share ƙasa da tafin hannu, ya shiga tona gurabe talatin da gwiwar yatsa, layi biyar, shida-shida, ko dubawa ba ya yi. Haladu ya gane wannan ba baƙon dara ba ne.

"A ƙungiyarmu," in ji Farfesa, "ba ma karɓar abin da ke aiki a hannun mai shi kaɗai. Malam, ba ni takardar. Ni zan bi ta layi-layi, gwani ya zauna gabana."

Aka dasa, aka fara. Farfesa na karanta takarda yana matsa tsakuwa daidai yadda aka rubuta, babu ƙari babu ragi. A nan Haladu ya gane ashe Malam kan ɗan sauƙaƙa masa faɗuwa duk sanda ya kauce wa tsarin bai sani ba, ita takardar kuwa ba ta da tausayi, kai tsaye take kai tsakuwa bakin kara. Gumi ya jiƙa masa hula. Ya kauce nan, ya toshe wa kansa can, ya ba da kara biyu don a buɗe wa baƙo hanya. Bai taɓa shan wuya a wasa irin ta ranar ba. Da aka tsince karansa na ƙarshe mai amfani, ya sauke ajiyar zuciya ya ce, "An ci ni, ranka shi daɗe."

Malam ya gyara tabarau yana duban jama'a ɗaya bayan ɗaya.

Farfesa ya ajiye takardar. Ya kwashe 'ya'yan darar, ya mayar da su yadda suke a tsakiyar wasa, da ka. Ya nuna wani kara.

"Nan, da ka matsa hagu, ka ci. Ka gani, don sai da yatsanka ya taɓa shi." Ya sake jerawa. "Nan ma. Da nan. Sau bakwai na ƙirga." Ya ɗago kai, harshensa ya koma na gida. "Ni ma gindin icce nit tashi, ɗan'uwa. Mi ya sa?"

Haladu ya kafa ido a kan babban yatsan ƙafarsa. Sai Modibbo, wani tsohon makiyayi da ke kawo shanu kasuwa, wanda bai saba ɓoye magana a baki ba, ya cire asawaki ya ce, "Ai Dija shika nema, ƙanwar Malam. Wa ka cin surukinai?"

Dariyar da aka danne wata bakwai ta ɓalle gaba ɗaya. Wani har da kwantawa. Malam kaɗai ke tsaye da littafi a hannu, yana buɗe shafi yana rufewa. Haladu ya saci kallonsa, tausayi ya kama shi, kunya ta rufe shi. Da duka Malam ya yi masa da ya fi masa sauƙi.

Farfesa ya karɓi littafin, ya daɗe yana bin shafukan. Shi ma dariyar yake, amma idonsa na kan rubutu.

"Malam, tsarinka ba ya aiki, wannan kam mu bar shi a nan. Amma ka san abin da ka tara? Wanda zai faɗi ga wannan tsarin sau sittin da uku ba a gane ba, sai ya riƙa ganin wasansa da na abokin karawarsa tun da nisa. Ya fi ci wuya. Ka bi wasannin nan ka fito da kowane wurin da ya kauce, da abin da ya hango. In ka yi haka, ina da wuri a taron baɗi. Sunaye biyu a kai."

Malam ya karɓi littafinsa. Ya naɗe hannun riga, ya zauna inda Farfesa ya tashi, ya tattara tsakuwa.

"Zauna, Haladu. In ka bari na ci wannan, kada ka sake taka ƙofar gidanmu."

Haladu ya zauna. Ya dasa karansa a ladabce. Da ya jera ukun farko ya ce, "A yi haƙuri, Malam," ya tsince tsakuwa da hannu biyu. Ya sake cewa a yi haƙuri. Ya sake. Kafin ladan ya gama kiran la'asar, haƙurin ya kai goma, tsakuwar Malam biyu suka rage.

Malam ya dube su, ya dubi Haladu.

"Ka turo magabatanka ranar Juma'a," ya ce.

Haladu ya buɗe baki zai yi godiya, Malam ya ɗaga hannu.

"Amma ba za a ɗaura ba sai ka nuna mini duk inda ka kauce, tun daga wasan farko har na jiya. Kullum bayan la'asar, wasa ɗaya."

Haladu ba ɗan ƙungiya ba ne, amma nan take ya buga lissafi ya ga wata biyu da 'yan kwanaki.

"Malam, ko mu riƙa yin uku-uku?"

Malam ya buɗe shafin farko, ya lashi bakin fensir.

"Ɗaya-ɗaya," ya ce. "Ni mai jinkirin ganewa ne, kowa ya shaida."