Turakun Bakin Lungu

Ranar Talata da hantsi mai walda ya sake goya yayansa a baya, karo na biyar ke nan. Yayan dattijo ne mai shekara sittin da biyu, wanda ya aurar da 'ya'ya huɗu, ga shi ƙafafu na reto a gaban mutanen da ke zaune ƙarƙashin laima suna cin abinci da wuƙa da cokali mai yatsu. Matar mai walda na biye da su, ta ɗauko keken marasa lafiya a naɗe, don keken ba ya ratsa turakun ƙarfen da aka kakkafa a bakin lungunsu. Bayan turakun kuma motoci ne gindi da baki, sai an karkace ake wucewa. Tasin da ke kai shi asibiti wankin ƙoda duk Talata da Asabar tana can kan kwanar titi, taku ɗari biyu.

"Sauke ni," in ji yayan. "Gara in ja gindi."

"Yaya, yi haƙuri, saura kaɗan."

"Na goya ka kana yi mini fitsari a wuya. Yau ka samu ranar ramuwa."

Bara war haka teloli ne a titin, da mai faci, da injin niƙa. Hukumar raya birni ta rushe su, ta shimfiɗa dutse, gidajen abinci masu bangon gilashi suka tsiro kamar naman kaza. Aka auna wa kowace mota makwancinta da farin fenti. Ba wanda ya auna inda marar lafiya zai bi.

Abin da ke cin mai walda a rai, shi ya kafa turakun nan da hannunsa. Kwangila aka ba shi, guda goma sha biyu, a matse yadda ko babur ba zai ratsa ba. Lokacin bai damu ba, tunda lungun yana da wata ƙofar ta baya. Mako biyu tsakani, katangar wani sabon gidan abinci ta toshe ta. Shi kuwa ba ya aikin da zai girgiza. Kamu biyu yake binne bututu, ya liƙa masa ƙarfe a gicciye daga ƙasa, ya ɗura masa kankare har baki, don ɓarayin ƙarfe su ciji yatsa.

Da suka dawo da yamma, yayan ya juya fuska ga bango ya ce, "Asabar ba ni zuwa. Yau wata yarinya ta ɗaga waya tana ɗauka ta hoto. In mutuwa ce, ta san hanyar ɗakina."

Likita ya sha faɗa musu, wanki biyu in ya wuce shi, ruwa zai cika masa ƙirji. Mai walda kuma ya san yayansa: in ya ce a'a, ko da igiya aka ja shi ba ya motsi.

Washegari ya isa ofishin hukuma, zuwansa na uku, ya samu injiniya na gyara zama a kujera mai juyawa.

"Ranka ya daɗe, kun toshe mu kamar ɓeraye a rami. Ko gobara ce ta tashi, ta ina za a shigo?"

Injiniya ya warware zanen titin, ya ɗora biro a kan wasu jajayen da'irori biyu. "Malam, waɗannan na tsakiya masu cirewa ne, da kwaɗo. Haka aka rubuta. Wa ya binne su?"

Mai walda ya tuna. Ya ga jan fentin a ƙasa ranar aikin, ya kuma ji an ambaci kwaɗo. A ransa ya ce turke mai kwaɗo aikin ragwaye ne, kwana uku ba zai yi ba an sace. Ya gyara musu kuskurensu bai tambayi kowa ba. Gwanin da ba ya tambaya, gwanintarsa ke kayar da shi.

"To, na yi laifi. A ba ni izini in cire."

"Sai kwamiti ya zauna, ƙarshen wata."

"Ƙodar yayana ba ta san ƙarshen wata ba! Da an sa kwaɗon, makullin a hannun wa zai zauna?"

"Mai gidan abincin da ke bakin lungun, mana. Ai wurin ajiye motocinta ne."

"Wato mu nemi izinin mai sayar da abinci kafin mu fita daga gidan ubanmu?"

Injiniya ya naɗe takardarsa, ya duba agogo.

Asabar da safe mai walda ya turo janareta a baro, da injin yankan ƙarfe da babbar guduma. Mai gadin motoci ya taso da gudu.

"Baba, me za ka yi? Za ka ja mini kora!"

"Matsa, ɗana. Ka ce ka hana ni na ƙi."

Injin ya yi ƙara, tartsatsi ya yi feshi a kan wata baƙar mota. Mutanen da ya yi makonni yana roƙo su bar ɗan fili suna kallonsa kamar mahaukaci, sai ga su sun fito a guje da makullan motocinsu, wani da tsumman goge baki a wuya. Kafin ka ce kwabo bakin lungu ya zama fili.

Mai gidan abincin ta fito tana huci. "Kai, ka san dukiyar hukuma kake yankawa? Ka kore mini baƙi!"

"Baiwar Allah, baƙinki da ƙafafunsu suka gudu. Nawa ba ya iya tsayuwa."

Ta shige ciki da waya a kunne.

Turken bai yi masa kara ba. Faifan yanka na farko ya cinye a kan kankare, na biyu ya tarwatse ya yanke shi a damtse. Ya ɗauki guduma yana duka yana zagin wanda ya yi aikin, matarsa na cewa, "Maigida, ai kai ne." Sai da rana ta take tsaka turken ya kwanta. Ya daddake guntun da ya rage har ya yi daidai da ƙasa.

Motar hukuma ta iso daidai lokacin da matar mai walda ta turo yayan a keken. Ma'aikata suka loda janareta da injin, babbansu ya ce sauran kwangilar mai walda da hukuma ta tashi, kuma sai ya bi su ofis. Keken ya wuce ta gurbin, ko gefe bai goga ba. Yayan ya sa hularsa ta fita unguwa, ya dubi jinin da ke damtsen ƙanensa.

"Ɗaure hannun nan, shashasha, kafin ka ɓata musu kujera."

Mai walda ya ɗaure da ƙyallen goge inji, ya tsaya sai da ya ga tasi ta ja, sannan ya hau bayan motar hukuma.