Kaskon Yusnimar Zai Tafi Berlin

Kifi nake sayarwa a kasuwar Pariaman, kuma tunda nake ban taɓa wuce Pekanbaru ba. Ranar da 'yata Deswita, mai aikin jinya a Berlin, ta bugo waya ta ce ta samu miji, wani Baturke haifaffen can wai shi Serkan, tambaya ɗaya na yi: yana sallah? Ta ce har ya fi ni. Na ce ba wannan na tambaye ki ba.

A al'adarmu iyayen mace ne ke neman aure, don haka mu za mu je mu nemi yaron a wajen uwarsa, kuma ba a zuwa hannu rabbana. Takardu suka fito, aka sa ranar tashi. Matata Yusnimar ta fara zaɓen kwakwar da za ta yi rendang, naman da ake dafawa da madarar kwakwa da yaji har ya ƙafe ya yi baƙi. Ni kuma na ji an ce sanyin garin yana fasa leɓe, sai na aro rigunan sanyi uku, kullum da safe in shiga ɗakin ƙanƙarar Buyuang, abokina tun yarinta, in tsaya cikin kifi.

"Basrizal, in ka daskare kilo nawa zan rubuta?" in ji shi daga bakin ƙofa.

"Rufe min ƙofa, kana shigo da zafi."

Saura kwana goma Deswita ta sake kira. Yusnimar ta jingina wayar da turmi tana ɓare albasa.

"Amak," ta ce wa uwarta, "ba a shiga ƙasar nan da nama. A filin jirgi za su karɓe su zubar."

"Wa ya ce nama zan kawo? Rendang ne."

"Da me ake yin sa?"

"Da sa. Amma abin da ya yi awa takwas a kan wuta ai ya wuce a kira shi nama."

"Su ba su san wannan ba, Amak."

Yusnimar ta ajiye wuƙa. "To ba ni zuwa. In shiga gidan uwar yaron da biskit, ta ce yarinyar nan ba ta da uwa? Ubanki ya je shi kaɗai, ya kai musu sanyin da ya tara."

Na san ta shekara talatin. In ta ajiye wuƙa, ta gama magana. Kwana biyu ba ta taɓa akwati ba, Deswita na can tana kuka, wai uwar Serkan har ta yi wa ɗaki fenti.

A rana ta uku na ce, "Yus, wai Berlin ɗin babu shanu ne?"

"Akwai mana, Uda," ta ce, yadda mace ke kiran mijinta a wajenmu. "Kasko ne babu. Rendang ba ya yin baƙi a tukunyar da ba ta saba da shi ba."

"To a tafi da kaskon."

Ta dube ni kamar yau ta fara ganina. Na ɗauko sikelin kifi. Kaskon uwarta kilo tara, dutsen niƙan barkono shida, ga busassun kayan yaji, ga ludayin katako mai tsawon hannuna. Akwatinta dama ya cika da atamfofin surukai. Kasko ya shiga nawa, kayana suka fito.

"Ni fa, me zan sa?"

"Jikinka ai ba a aunawa."

Haka na sauka daga motar Buyuang a filin jirgin Padang, rana tsaka, riguna uku a jikina, wando biyu, gumi har cikin takalmi.

"Wata guda kana koyon sanyi," in ji shi, "ashe zafi ya kamata ka koya."

Muna layi Deswita ta kira. Ta ce ta manta ta faɗa, murhunta na lantarki ne, shimfiɗaɗɗe kamar faranti, kasko mai zagayen gindi ba zai zauna ba. Na ga fuskar Yusnimar ta fara sauyawa.

"Uwar yaron ba ta da fili?" na tambaya da sauri.

"Tana da ɗan lambu a bayan gari, Abak," ta ce, haka take kirana, "suna gashin nama a ciki. Amma yanzu duk ƙanƙara ce."

"Akwai itace?"

"Akwai."

Yusnimar ta gyara min wuyan riga ta sama, abin da ba ta yi ba tun muna sabon aure.

"Awa takwas ne kawai, Uda," ta ce. "Kai da ka koyi sanyi, kai za ka tsaya a lambun kana juyawa. Kada ka bari ya kama."