Goggo Tabawa a Layin Bankuna

Saratu ta dawo daga aikin kwana a asibiti, ƙafafunta kamar ba nata ba. Ta tarar da Goggo Tabawa, yayar babanta da ta zo daga ƙauye, ta yafa mayafi tana jiran a kai ta ganin gari.

Daga Gyaɗi-Gyaɗi suka hau adaidaita sahu zuwa layin bankuna. Saratu tana nuna mata dogayen benaye masu gilashi tana hamma. A ƙofar wani banki Goggo ta tuɓe takalmi, ta rangaɗa sallama. Ba wanda ya amsa. Ta sake yi, sai mai gadi ya ce su matsa, sun tare hanya.

"Goggo, nan ba a sallama," in ji Saratu, tana danne haushi. "Kallo kawai ake yi a wuce."

Goggo ta duba ko'ina, ba wurin zama, balle a miƙo mata ruwa. Ta mayar da takalminta.

"To kai ni asibitinku, 'yar nan. Can ko mutuwa mutum yake yi ana ce masa sannu."

Saratu, wadda ta kwana tana faɗin sannun nan har muryarta ta dishe, ta ɗaga hannu ta tsayar da adaidaita.