Nonon da Ya Kwana

Kakarmu, Anganga, ita za ta sa mini hawan jini, wallahi.

Ƙanwata Asiyatu ce zazzaɓin cizon sauro ya kwantar, ga ɗanta Twaibu wata huɗu a duniya, bai san komai ba sai nono. Na bar ƙananan kifin usipa ɗina a kan shanya a bakin tabki, na ɗora ta da yaron a keke zuwa asibitin Mangochi. Nas ta auna yaron, ta ba Asiyatu ƙwayoyi, ta ce mata a gabana: "Ki sha, ki ci gaba da ba shi nono. Babu abin da zai same shi."

Da na sani da ban koma bakin tabki ba! Washegari na zo na tarar da yaro yana ta tsala kuka, muryarsa har ta dushe, Anganga na ɗura masa kunun masara da cokali, yana tofarwa.

"Anganga, me zan gani haka?"

"Na lasa ƙwayar nan," in ji ta. "Ɗacin tsiya. Abin da ya shiga uwa, a nono yake sauka."

"To ai nas ta ce..."

"Nas ɗin 'ya'ya nawa ta haifa?"

Na haɗiye fushina. Na ce to na ji, a mayar da shi nono yanzu, tunda ga shi yana ƙin kunun. Sai tsohuwar nan ta dube ni kamar ni ce mahaukaciyar. Wai ai yanzu kuma nonon ya kwana a ƙirji ba a sha ba, ya lalace, ko yaran gari sun san wannan. Kun ji fa! Ita ta hana a sha, ita ce kuma ke cewa ya kwana.

Asiyatu na kwance a tabarma, gaban rigarta sharkaf, sai hawaye take. Raina ya gama ɓaci. Na fizgo kofi, na ce ta tatsa, na kafa kai na shanye a gaban kowa.

"Ga shi nan! In guba ne a fara wanke gawata."

"Ƙatuwar banza," in ji Anganga. "Cikinki da ke narkar da ƙashin kifi za ki haɗa da na jariri?"

Muna cikin wannan cacar baki muka ji gidan ya yi tsit. Ashe Asiyatu ta jawo ɗanta ba ta tambayi kowa ba. Yana zuƙa har da ƙwarewa.

Na gyara tsayuwa ina jiran masifa. Anganga ta lallaɓa ta zauna kusa da su, ta ɗora tafin hannunta a kan cikin yaron.

"Biyu na binne suna kan nono," ta ce, ba ta dube ni ba. "Je ki wurin kifinki. Ni ba inda zan motsa sai na ga yadda ya tashi."