Ranar da Barewa Ta Kurmance

Bayan azahar ne, rana ta ƙwalle a kan garin Diffa, ko ganyen dogon yaro ba ya motsi. Can wajen kogin Komadugu hadari ya yi baƙi amma ya ƙi tasowa, sai zufa da yake ƙara wa mutane. Usama na zaune a kan tabarma cikin rumfar tsakar gida, ya jingina da buhun tattasai, waya a hannu. Nan kaɗai rezo, wato layin waya, ke kamawa da kyau a gidan, kuma nan ne daidai ƙofar ɗakin Ya Fanna, yayar mahaifinsa, wadda ke barci a ciki.

Da son ransa ne, da yanzu yana bayan shagon su Lurwanu a kasuwa, inda akwai fanka da wurin caji. Amma Umma da ƙanwarsa Rahma sun tafi bikin suna a Gagamari tun safe, baba na gona, Ya Fanna kuwa ba a barinta ita kaɗai.

Wasan tankokin yaƙi suke yi a waya, mutum biyar-biyar. Lurwanu, ɗan wani attajiri Badamagare, shi ne shugaban ekip ɗinsu, wato ƙungiyarsu, shi ke tuƙa ƙatuwar tanka wadda harsashi ke duka ya zame. Ta Usama matsakaiciya ce, ga gudu, ga bindiga mai cizo, sai dai sulkenta ba kauri, duka biyu na kirki ta kama wuta. Shi Barewa yake kiranta. Lurwanu kuwa gwangwanin tumatir yake ce mata.

Yau da samarin Maine-Sorowa za su kara, waɗanda suka lallasa su a karon baya. Jiya a gaban kowa Lurwanu ya ce masa, "Usama, ni ba na ɓoye-ɓoye. Mujahid ɗan kawuna ya yi sabuwar waya, kullum yana bina da roƙo. In gobe gwangwaninka bai yi mana aiki ba, wurinka nasa ne."

Usama dariya kawai ya yi, amma maganar ta kwana da shi. Bai yi nisa a lakwal, makarantar boko, ba. A gona ce masa ake yi mai sanyin jiki. A wasan nan ne kaɗai aka taɓa kiran sunansa da ihun murna.

Mai tuƙa Barewa da kunne yake rayuwa. Ba ya tsayawa gaba da gaba. Laɓewa yake yi ya saurari kukan inji, ya tantance mai nauyi da mai sauƙi, ya jira ya ji abokin gaba ya harba, to kafin ya sake ɗura wani harsashin sai ya ɓullo ta gefe ya cije shi ya gudu. Shi ya sa Usama ya cusa ekutarsa, abin saurare, cikin kunne sosai. Tun da akuyar gidan ta tauna igiyarta kunne ɗaya ke aiki, shi ma a shaƙe, sai ya ƙure murya. Ya naɗe wurin taunar da leda.

Buɗe muryar waya a fili kuwa, wannan ba zancensa. A gidan nan ba a buga ƙofar kwano da ƙarfi, ba a jefar da tasa, ko daka za a yi sai an fara gaya wa Ya Fanna. Tun ranar da masu bindiga suka tsallako ƙauyensu na bakin kogi take haka. Ta gudo da ƙunshin kaya a ka, ɗanta Zaidu ya koma ɗauko injin ban-ruwa, bai dawo ba. In ƙara mai ƙarfi ta same ta ba shiri, ranar ce ke dawo mata. In abin ya wuce, ba mai tada maganar, ita ma ba ta tadawa. Haka gidan ya saba.

"Bon, kowa na ji na?" muryar Lurwanu ta shigo kunnensa. "Khalil?"

"Ina ji," in ji Khalil, makiyayin da ke wasa da su daga wajen Fulatari. "Ina kan tudu, raƙuma na kallona kamar na haukace."

"Ai ba su yi ƙarya ba. Gwangwani fa?"

"Barewa na nan," Usama ya ce a hankali.

"Ɗaga murya mana, ko amarya ce kai? To ku saurara. Mu huɗu za mu tare su a tsakiyar gari. Usama, ka bi kwarin hagu, ka laɓe. In na ce yanzu, ka fito musu ta baya. Kar ka fito kafin na ce."

Fili ya buɗe. Rusasshen gari a tsakiya, busasshen kwari ta hagu. Barewa ta zura cikin kwarin tana tada ƙura, Usama ya kai ta bayan wani dutse ya tsaya cik. Ya ji su kafin ya gan su: inji biyu masu nauyi suna nishi ta sama, wani ƙarami yana tsere can nesa. Ɗaya daga masu nauyin ya harba. Usama ya leƙo, ya ɗana masa a haƙarƙari, ya koma bayan dutse kafin bakin bindigar ya juyo.

"Wala!" Khalil ya yi ihu. "Ta cije shi!"

Sai kunnen ekutar ya ɗauke ɗif.

Usama ya murza igiyar. Shiru. Ya lanƙwasa wurin ledar. Shiru. Sai hannunsa ya yi abin da ya saba yi duk lokacin da ta yi gardama: ya zare ta daga jikin waya don ya hura bakin. Ya manta muryar a ƙure take. A daidai nan babbar bindigar Lurwanu ta tashi.

Ƙarar ta cika tsakar gida. Kaji suka watse. Ya danne murya har ƙasa, amma aikin gama ya gama.

Labulen ɗaki ya yaye. Ya Fanna ta fito ba ɗankwali, ba takalmi, rungume da ƙunshin kayan nan da kullum ke ɗaure a ƙarƙashin gadonta. Idanunta a buɗe amma ba gidan take gani ba.

"Sun tsallako! Zaidu, bar injin nan! Bar shi na ce!"

Ta nufi zaure. Usama ya san in ta fita titi ba ta tsayawa, sau ɗaya sai a bayan tasha aka samo ta, ƙafa duk ƙaya. Ya saki waya a kan tabarma, ya sha gabanta, bai kama ta da ƙarfi ba, hannu kawai ya shimfiɗa.

"Ya, ni ne, Usama. Ba kowa. Wayata ce."

"Suna bakin ruwa! Ba ka ji ba?"

"Na ji, Ya. Ya wuce. Zo mu zauna."

Ta damƙi wuyan hannunsa har farcenta ya shiga. Ta ja shi wajen zaure, shi kuma yana janta a hankali wajen rumfa, taku ɗaya gaba, taku ɗaya baya. Ta gefen ido yana hango wayar tana walƙiya a kan tabarma. Ya tuna abin da Umma ke yi mata.

"Ya, saurara. Me kike ji? Ga kurciya a kan dogon yaro. Kin ji ta?"

Ta daina jansa, shi kuma ya ci gaba.

"Ga mai ruwa can yana tura kurarsa, jarkoki na karo. Ga rediyon maƙwabta. Ga akuyarmu, marar kunya, tana kuka. In da sun zo, mai ruwa zai tsaya talla?"

Numfashinta ya fara sauka. Ta karkata kai tana sauraron kurciyar. Ya kama ta ya zaunar da ita a kan tabarma. Ta kwanta a gefensa, ƙunshin kaya a ƙirji, hannu ɗaya riƙe da bakin rigarsa.

Sai a lokacin ya ɗauki waya.

Barewa na nan bayan dutse, ba wanda ya taɓa ta. Amma uku daga cikin nasu sun ƙone, har da Khalil. Saura Lurwanu a tsakiyar gari, ya jingina da bango, hayaƙi na tashi daga tankarsa. Na Maine saura uku. A gefen allo rubutu na ta zubowa. Usama ba mai saurin karatu ba ne, sai ya haɗa baƙi da baƙi. Kafin ya gama karanta INA KAKE, wani ya hau kansa, wani ya sake hawa.

Ya fito da Barewa. Abin ya zo masa wani iri, kamar tafiya a ƙarƙashin ruwa. Bindigogi na tofa wuta ba ƙara, bango na rushewa ba ƙara. Abin da yake ji kawai numfashin Ya Fanna da kurciya.

Ya haura daga kwari ya zagayo ta bayan gari. Ga mai nauyin da ya ciza ɗazu, ya ba shi baya, hankalinsa na kan Lurwanu. Usama ya jira har ya ga wuta ta fita daga bakin bindigarsa, sannan ya ɗana masa a inji. Ta kama wuta. Saura biyu.

Na biyun ya juyo. Usama ya ja baya da gudu ya faɗa lungu, harsashi ya goge gefen Barewa, jan layin ranta ya zube ya koma rabi. Ya zagaya ginin, ya ɓullo ta inda ba a zata, ya harba, ya wuce bai tsaya ba. Lurwanu ya samu sarari ya ƙarasa shi.

Saura ɗaya. Ƙaramin nan mai tsere, wanda tun farko bai nuna kansa ba.

Usama ya shige tsakanin bango biyu ya tsaya. Hanya biyu ke shigowa wurin, ta hagu da ta dama. Duka ɗaya ya rage wa Barewa, Lurwanu ma haka. Wanda ya fara ganin wani shi ya ci. Kuma ƙaramin inji kukansa siriri ne, daga nesa ake jinsa. Da kunne ɗaya ma da ya san ta inda yake zuwa.

Babban yatsansa ya hau maɓallin murya. Danni ɗaya kawai. Ƙasa-ƙasa, ya kara a kunne, ya ji, ya kashe. Ya dubi Ya Fanna. Idonta a rufe. Wataƙila ma ta koma barci. Amma in aka harba a daidai lokacin fa?

A waje amalanke ya faɗa rami, ƙarfe ya bugi ƙarfe, ƙara ce ƙarama. Hannunta ya ƙanƙame rigarsa, kafaɗarta ta zabura.

Usama ya ɗauke yatsa daga maɓallin. Ya ce bismillah, ya juya bakin bindiga hagu.

Ta dama ya zo. Allo ya girgiza, Barewa ta kama wuta, baƙin hayaƙi ya turnuƙe. Yana kallo ƙaramar tankar ta wuce gawarta da gudu, ta zagaye Lurwanu kamar kare da sa, tankar Lurwanu na juyawa a hankali ba ta cim mata. Ba a jima ba ta Lurwanun ma ta kama wuta.

Wayar ta yi ɓari a hannunsa, kira ya shigo. Ya ɗauka, ya rage murya.

"Kai, wane irin wulaƙanci ne wannan?" in ji Lurwanu. "Na ce yanzu, na ce yanzu, har maƙogwarona ya bushe! Kana bayan dutse kana shan shayi?"

"Ekutata ce ta mutu."

"To sai me? Wayarka ba ta da baki? Ka buɗe murya mana! Yaron nan ina jin injinsa tun daga nesa, ina ce maka dama, dama!"

Usama ya dubi ƙasa. Ya Fanna ta buɗe ido, tana kallon rufin rumfa, idon ya dawo nata. Tana jin komai.

"Ban buɗe ba dai," ya ce.

"Shi ke nan abin da za ka ce?"

"Shi ke nan."

Daga can bayan shago muryar Mujahid ta taso, "A gaida gwangwani! A ce masa ya kai ta wajen masu gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe!" Wani ya yi dariya, wani ya ce ya isa.

Lurwanu ya ce, "Ka kashe ɗaya, ka taya ni ɗaya, ban ce ba ka yi ba. Amma ka san abin da na faɗa jiya, kuma a gaban mutane na faɗa."

"Na sani."

"To. Sai an jima."

Usama ya kife wayar a kan buhu. Tafin hannunsa sharkaf da zufa, wuyan hannun da shatin farce. Hadarin nan har yanzu yana inda yake.

Da aka kira la'asar Ya Fanna ta tashi zaune. Ta shiga ɗaki da ƙunshinta, ta fito da ɗankwali a ka da kwandon ɗinkin hularta a hannu. Ya tashi ya zuba wa akuya dusa, ya tsaya yana kallonta tana ci, ya daɗe a wurin fiye da yadda aikin ke bukata.

Da ya dawo rumfa ya tarar da ekutar a kan wayarsa. An warware ledar. Wurin da akuya ta tauna an naɗe shi tam da jan zaren hula, zare kusa da zare, an ƙulle bakin da ƙaramin ƙulli. Ya Fanna na gefe, ta sunkuya a kan hularta, allura na shiga tana fita.

Ya buɗe baki.

"Ɗauko mini buta," ta ce, ba ta ɗago ba. "Lokaci na wucewa."

Ya sa ekutar a aljihu, ya tafi wajen randa.